Ubale Wanzami, Ga Amsar Tambayarka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, shida ga watan Rajab na shekara ta 1342, ina tsakiyar ba ɗalibai karatu a Gagarawa, wani falke ya kawo mini labarin rasuwarka a Gumel. Ubale, karatun da ban ƙarasa ba ke nan.

Wanzamai suna da yawa a ƙasar nan, amma ban ga mai haƙurinka da masu jin nauyin faɗin ciwonsu ba. Ba ka tambayar mutum ido da ido. Sai ka zaunar da shi, ka koma bayansa, ka fara aski daga ƙeya, kana jan hira a hankali, kuma ba ka zagayowa gabansa sai ya gama amayar da abin da ke cinsa. Na tuna wani mai fataucin raƙuma a Maigatari da ya ce abokinsa ne ke fama da ciwon sanyi. Ko murmushi ba ka yi ba. Ka ƙulla masa sassaƙe ka ce, "Kai wa abokin naka, amma ka riƙa taya shi sha." Mutumin ya warke, bai kuma taɓa jin zancen a bakin kowa ba, shi da kansa ya ba ni labarin.

Ni ma na zauna a tabarmarka. Tun damina wani farin tabo ya fito mini a kafaɗa, ko an tsikara shi ba na ji. Na san ka gani, don a askinmu na ƙarshe ka daɗe a ƙeyata har wuyana ya gaji. Can ka ce, "Allah gafarta malam, wane ciwo mahaifinku ya yi?" Na ce zazzaɓi. Tsoro nake ji kada iyaye su kwashe 'ya'yansu daga makarantata. Ka ce, "To, in kun sake shigowa gari ma yi hira." Wallahi na yi niyyar komawa, kunya ta yi ta jan ƙafata, har ga shi yau.

Ina yi wa maiɗakinka Kande da ɗanka Ɗantala, wanda ya gaji wanzancinka, ta'aziyya, Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Ya rufa maka asiri ranar tonon asiri kamar yadda ka rufa wa bayinSa.

Kuturta ce mahaifina ya yi, Ubale. Gobe zan je in zauna gaban Ɗantala in faɗa masa da bakina.