Ɓeran da ke Mazagin Yaya Sidi

Bana shekara arba'in da biyar ke nan da rasuwar yayana Sidi, kuma har yau in na tuna ranar jana'izarsa sai gabana ya faɗi.

Yaya Sidi ɗan dako ne. In an gama tsinkar auduga a ƙauyenmu, kusa da Makwar a ƙasar Sudan, sai ya bi kaya har Bur Sudan, bakin teku. A can wani kukun jirgin ruwa, mutumin Japan, ya ba shi ɗan ɓera na hauren giwa, bai fi goro girma ba, da huda biyu a cikinsa. Shi ke nan abin ya shiga ransa. Kwaɗo, biri rungume da ɗansa, wani tsoho mai dariya, duk 'yan sassaƙe irin ɓeran, ya tara a gwangwanin shayi. Ya ce tufafin mutanen can ba aljihu, shi ya sa suke zura igiya a hudar su rataya jakar taba a ɗamara. Mu kuwa abin da ake zura wa igiya a ɗaura a ƙugu, laya ce ko guru. Wa zai yarda da shi?

Wata damina masassara ta yi ta ɗibar yara. Aka fara raɗe-raɗin gumakan Sidi ne ke shan jini. Ni kaina, Allah ya sani, ba na iya haɗa ido da tsohon nan mai dariya. Maƙwabta suka daina cin kisra, wainar dawar gidanmu. Sai masassarar ta kwantar da shi ma, bai tashi ba.

Liman ya tsaya a ƙofar gida ya ce, "Ba mu yi mai salla sai an hidda gumakkan nan. Khalas, magana ta ƙare!" Na ɗauki gwangwanin, na juye shi a tur'a, magudanar ruwan da ke shayar da gonaki, jama'a na kallo. Sannan aka shiga wanka.

Da Baba Ilu mai wankan gawa ya fito, sai ya ja ni gefe ya damƙa mini wani abu. Ɓeran ne. A bakin mazagin wando ya same shi, Yaya ya ɗaura don kada mazagin ya shige. "Ɗiyata, wanga maɓalli na, ba gunki ba," in ji shi. "Amma ki kama bakinki har a ruhe shi." Ina bayan zana ina jin kabbara, abin dunƙule a hannuna, ina jiran wani ya ce a dakata.

Kwanan baya jikata ta nuna mini irinsu a waya, cikin gilashi, wai netsuke sunansu, masu hali na rububinsu. Da Yaya na raye, ban sani ba ko dariya zai yi, ko tur'a zai nufa da kwando. Masassara kuwa, yau kowa ya san sauro ne.

Abin da ya rage na Sidi ke nan, ɓera ɗaya a ƙullin zanena. Na tsufa, Baba Ilu ya daɗe da tafiya, kuma ina tsoron a tsaya a ƙofata kamar yadda aka tsaya a tasa. Shi ya sa na zaunar da jikar tawa ta rubuta wannan. Duk wadda za ta wanke ni, in ta kwance ƙullin, don Allah, maɓalli ne.