Robar da Kawu Ya Kusa Binnewa

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Maƙarfi, ni da Yayata da Kawunmu, malamin allo. Ciwon daji aka gano wa Yaya a ma'ajiyar ƙwan haihuwa. Wata biyu muna jiran ranar tiyata, shi ya sa da ta matso har rawar jiki nake kamar mai zuwa biki.

Hanya lafiya lau, sai ramukan da direba ya haddace. A Katabu muka sayi ƙosai mai zafi, Kawu ya ce ba ya ci a mota, sannan ya cinye rabi. Muka wuce gadar Kawo, Kaduna ta cika da 'yan Keke da ma'aikata masu sauri. A Unguwar Sarki muka sauka, gidan Gwaggo.

Da muka je asibiti, likitar, wata 'yar siririya mai fara'a, ta yi mana bayani dalla-dalla. Za su cire mahaifa da ma'ajiyar ƙwan duka biyu, su yanko kitsen ciki, su ɗebi ruwan wankin cikin. Gwajin waɗannan ne zai nuna matakin da ciwon ya kai da maganin da zai biyo baya. Kawu yana masallaci lokacin.

Washegari aka yi aiki, awa huɗu, Yaya ta fito lafiya. Ina can ina buga wa dangi waya, nas ta miƙa wa Kawu roba a rufe, da abin da aka ciro a ciki, ta ce a kai. Bai tambayi ina ba. A wurinsa naman jikin ɗan Adam wuri ɗaya ake kai shi.

Da na ji, ko takalmi ban gyara ba na tare Keke. A ƙofar maƙabarta na cim masa, har ya aro fartanya.

Na ce, "Kawu, don Allah tsaya. In ka binne wannan, ba mai sanin inda ciwon Yaya ya tsaya."

Ya ajiye fartanyar, ya ce, "To ai sai a faɗa wa mutum." Da kansa ya rungume robar har ɗakin gwaji.

Bayan mako biyu sakamako ya fito: matakin farko, bai bazu ba. Na yi kuka, na yi dariya. Saura ƙarin ruwan magani, za mu riƙa dawowa.

Mun iso gida da la'asar, mata sun cika tsakar gida. Abin da na koyo, bayanin likita kowa a zaunar da shi ya ji. Yaya da ƙafarta ta shiga ɗakinta.