Jakadan Majar a Layin Masu Takalma

A kasuwar Dira, layin masu takalma, in ka tambayi Malam Tamimu sai a ce maka wane Tamimu. In ka ce Jakadan Majar kuwa, har ɗan Bangaladash ɗin da ke sayar da shayi a bakin layi zai nuna maka shagon da haɓa. Majar ita ce ƙasar Hangari a bakin Larabawa, kuma Malam Tamimu bai taɓa taka ta ba. Ƙanƙara ma a firij ya san ta. Amma an yi wasu shekaru da in ka cire ma'aikatan ofishin jakadancinsu, ban jin akwai mutum a duk Riyad da ya damu da ministocin ƙasar nan kamar shi.

Mutumin Ƙaura Namoda ne, baduku ɗan baduku. Ya zo Riyad da ƙuruciyarsa, wani tsohon Balarabe mai shagon takalman fata ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa a takardun zama, shi ke nan ya zauna yana ɗinka irin takalman nan na mutanen Najadu masu ado a baya. Tsohon ya rasu, ɗansa ya gaji shago, ya gaji Tamimu. Ni Basiru direba ne, ƙofata na kallon tasa a wani tsohon bene a unguwar Ud, kuma da yake na ɗan taɓa boko, ina da waya mai buɗe komai, sai na zama mai karanta masa duniya.

Matarsa Hindatu ta rasu tun kafin in zo, tana kwance a maƙabartar Nasim. Ta bar masa 'ya ɗaya, Khairiyya, ita ce ta fari ita ce auta. A nan aka haife ta, Larabci ya fi zama a bakinta, in ta yi Hausa sai ka ji kamar tana taka tsakuwa ba takalmi. Shi kuwa mutumin da ne, kunyar 'yar fari ta kama shi har wuya. Ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba. "Yarinyar nan" yake cewa, ko "ita waccan". In ta dafa abinci ya yi daɗi ba ya yabawa, sai dai ya ƙara. Da ya tura ta Zariya jami'a, duk hutu tana dawowa don kada iƙamarta, takardar izinin zama, ta mutu, shi ne yake zuwa filin jirgi tun kafin jirgin ya taso daga can, amma in ta fito ba abin da yake cewa sai, "Ina jakar taki?"

Da ta gama Zariya ya ɗauka ta dawo ke nan. Ya sa aka yi wa ɗakinta fenti. Sai ga shi ta ci wani tallafin karatu da gwamnatin Hangari ke ba ɗaliban ƙasashe irin namu, za ta je ta yi digiri na biyu a kan ruwan noma. Shekarar 2016 ce, shekara guda bayan gwamnatin ta kafa shingen waya a kan iyakarta, duk gidajen talabijin sun cika da hoton mutanen Sham da yara a kafaɗa suna tsaye a bayansa. Muka ce masa, Malam, ƙasar da ke korar baƙi ce za ka bari ta je? Ya ce karatu ne, su suka kira ta. Ya ɗinka mata takalmi sau ciki na sanyi, wanda ko da wasa bai taɓa ɗinka irinsa ba, ya aiko ni in kai mata, alhali tana ɗaki na gaba da nasa.

Tun daga nan ya addabe ni. Duk Juma'a in mun sauko daga masallaci muka zauna cin shinkafar kabsa da 'yan'uwa, kafin in wanke hannu zai ce, "Basiru, duba mana mutanen." Sunayensu sun fi ƙarfin harshensa, sai ya raɗa musu nasa. Shugaban gwamnatin shi ne Maigida. Ministan cikin gida, Mai Shinge. Na harkokin waje, da yake matashi ne mai gyaran gashi, ɗan Gayu. Akwai wata ma'aikata da aka haɗa wa ilimi da lafiya da wasanni da al'adu duk a wuri ɗaya, mai riƙe da ita malamin coci ne, shi ne Fasto, kuma shi Malam Tamimu ya fi sa wa ido don a ganinsa yarinyar nan a hannunsa take. Ya lura babu mace ko ɗaya a majalisar ministocin, ya ce ashe Turawan ma ba su gama wayewar da suke mana gori da ita ba. Da haka aka naɗa shi jakada, ba ko rawani.

Mu duk mun ɗauka tsoro ne. Uba ne, 'yarsa baƙa ce mai ɗankwali a ƙasar da aka lilliƙa allunan ƙin baƙi a kan tituna. Don haka muka riƙa kwantar masa da hankali. Da suka yi ƙuri'ar raba gardama a kan karɓar 'yan gudun hijira, aka ce waɗanda suka fito ba su kai adadin da doka ta nema ba, ni na ruga na yi masa albishir. Ya ce to, madalla, ya ci gaba da huda fata da basilla. Na ce a raina wannan mutum bai iya murna ba.

In ta kira kuwa abin haushi ne. Ita tana ta zuba, rabi Larabci rabi Hausa, tana ba shi labarin kogin da ya raba babban birninsu biyu, da yadda rana ke faɗuwa tun la'asar. Shi kuwa tambayarsa biyu ce, akwai sanyi, kuna samun naman halal. Sai ya miƙo mini wayar ya ce in gaisa da ita. Yana miƙowa yake matso da kunnensa kusa da kafaɗata, yana yi kamar zare yake nema.

Sai a zaɓen 2018 na gane inda aka dosa. Maigida ya yi yaƙin neman zaɓensa kacokan a kan baƙi, ya kuma ci da gagarumin rinjaye. Da safe na ajiye 'ya'yan maigidana a makaranta, na biya Dira ina ta tsara yadda zan faɗa masa. Na tarar ya riga ya ji a rediyon maƙwabcinsa. Ga shi nan zaune, fuska kamar ranar Sallah, ya saya wa duk layin shayi da madara.

Na ce, "Malam, anya ka fahimci labarin? Mutanenka suka ci. Masu kora."

Ya ce, "Na fahimta sarai."

"To murnar me kake?"

Ya duba hagu da dama, ya rage murya. "Yanzu ai magana ta ƙare. Sun samu ƙarfi. Mai Shinge zai tattara kowa ya ce yalla, kowa ya kama gabansa."

Na daɗe ina kallonsa. Na ce, "Wato duk Juma'ar nan da kake hana ni cin abinci, so kake a koro ta?"

Ya sunkuya kan takalmin da yake ɗinkawa.

"Haba Malam. Ga waya. Ka ce mata ta gama ta dawo, ka gaji da zaman kaɗaici. Wallahi gobe za ka gan ta."

Ya ce, "Da wane bakin, Basiru? Ni ubana har ya mutu bai kira yayana da sunansa ba. Kuma in na ce ta dawo, ni na katse mata. In su suka ce, ƙaddara ce, ba mai ganin laifin kowa."

Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa har ya fi haushin. Mutum ya tsufa a ƙasar da ba za ta taɓa zama tasa ba, matarsa na cikin ƙasarta don haka ya kasa barinta, abu ɗaya da ya rage masa yana can ƙetaren teku, kuma ya rasa wanda zai aika ya kira masa ita sai gwamnatin wasu mutane da ba su san an halicce shi ba.

Da aka naɗa sababbin ministoci ya sa na karanta masa su ɗaya bayan ɗaya. An cire Fasto an sa wani likita. An ƙirƙiro sabuwar ma'aikatar fasaha. An sa mace ɗaya. Ya ce Likita da ganin idonsa ba shi da wasa, wannan zai yi aiki. Likita bai yi masa aikin komai ba. Kafin ƙarshen bazara Khairiyya ta kira tana dariya, an ƙara mata tallafi za ta zarce digirin digirgir. Ya ce Allah ya sa albarka. Da ta kashe wayar ya jefar da basilla, ya ce bai taɓa ganin gwamnati marar cika alkawari irin wannan ba, har gara tamu ta gida, ita kowa ya san ba ta yi.

Shekarar da ta biyo baya suka fito da wani tsari na ƙarfafa haihuwa, wai mutanensu na raguwa. Matar da ta haifi huɗu an yafe mata harajin albashi har abada. Muka sha dariya a wurin kabsa, wani ya ce da a Ƙaura ne da gwamnati ta rufe ofishin haraji. Malam Tamimu bai yi dariya ba, ya ce ƙasar da ke neman mutane har haka ba za ta saki wanda ta kama ba. Bai yi wata biyu da faɗa ba sai ga waya daga Jos. Wani dattijo ne, yana nema wa ɗan ƙanensa Muzammil auren Khairiyya. Shi Muzammil ɗin likita ne, a can Hangari ya yi karatu, yana aiki a asibitin wani ƙaramin gari, kuma ba shi da niyyar tashi nan kusa.

Malam ya yi bincikensa yadda ya kamata, bai samu abin kushewa ba, na ga alama ya nema sosai. Kowa ya san abin da auren yake nufi. In ta yi aure ta fita daga iƙamarsa, zuwanta Riyad ya koma sai da takardar ziyara, in an bayar.

Ana saura kwanaki a ɗaura auren ta kira, ina zaune. Wannan karon ba ta yi Larabci ba, ta lallaɓa Hausarta a hankali. Ta ce, "Baba, ban taɓa tambayarka ba. In kana so in dawo in zauna kusa da kai, ka faɗa. Wallahi zan bar komai. Kai kaɗai ne a gidan nan."

Na taka masa ƙafa. Na sake takawa. Ya janye ƙafarsa, ya kalli bango.

Ya ce, "Ni lafiyata lau. Ga Basiru, ga jama'a. Ki riƙe mijinki, ki riƙe karatunki." Ya gyara riƙon wayar. "Akwai sanyi?"

A masallacin unguwarmu aka ɗaura, bayan Juma'a, ba ango ba amarya. Wani ɗalibi ɗan'uwan Muzammil ya karɓa masa, Malam Tamimu ya bayar da auren da bakinsa. Aka raba dabino da goron da na samo a kasuwar Batha.

Da jama'a suka watse ya ce in kai shi Nasim. Ya shiga maƙabarta shi kaɗai, na jira a mota. Ya daɗe. Da ya fito ya zauna a gaba, bai rufe ƙofa ba, ya ɗaga hannuwa kamar zai yi addu'a, sai ya sauke su a cinya.

Na ce, "Lafiya, Malam?"

Ya ce, "Yanzu gidanta ne can. In suka kore su, ita za ta sha wuya." Ya share fuska da gefen hiraminsa. "Shekara da shekaru ina roƙon abu ɗaya bayan kowace salla. Yau dole in juya shi, in roƙi Allah ya bar ta a inda take. Tun a masallaci nake gwadawa, Basiru. Bakina ya ƙi."