Sandar Manu a Tashar Gusau

A bakin tashar motar Gusau, wani dogon Bafulatani yana zagaya wata tsohuwar a-kori-kura mai shan dizal. Dillalin motar, Tambaya, yana kiransa Manu. Rigar saƙi ce a jikinsa, sanda na saɓe a kafaɗa, ƙirjinsa duk tabon sharo. Da alama farin bara ne ya cinye masa garke, ya sayar da 'yan shanun da suka rage don ya koma jigilar hatsi daga Bungudu. In motar nan ta ci amanarsa, ba shi da sauran abin kaiwa kasuwa.

Bai san inji ba, saniya ya sani, don haka duban saniya yake yi mata. Ya leƙa ƙarƙashinta, ya shinshina baƙin hayaƙinta, sannan ya maka mata sanda a haƙarƙari ya ga yadda za ta ɗauka. Sabon fenti ya tsage, ciko ya ɓantare, ga ruɓaɓɓen ƙarfe a fili.

"Kai, ɗan daji! Motar Alhaji ka fasa!" in ji Tambaya. Ya ci kwalarsa, ya kwaɗa masa mari.

Manu bai ko ƙifta ido ba. Sanda ta tashi ta sauka. Tambaya ya zube, jini na bin goshinsa, 'yan kamasho suka ja baya.

"Malam," in ji Manu a hankali, "ko a kasuwar shanu, in saniya na da miki ana gwada wa mai saye."

Ya goge sandar a taya, ya nufi mota ta gaba. Tun kafin ya ƙarasa, dillalinta ya fara faɗa masa cututtukanta.