Kyamarar da Na Saya Saboda Inna

Na daɗe ina dillancin raguna tsakanin Shinkafi da Kaura Namoda, amma ban taɓa jin fargabar sayen wani abu ba kamar ranar da na shiga shagon kyamara.

Saboda Inna na je, mahaifiyata. Ta tsufa a Dauran, ciwo ya kwantar da ita, kuma ba ta da hoto ko ɗaya a duniya. Mai hoto ba ya shiga cikin gidanmu tun asali, balle da aka soma shari'a kowa ya ƙara tsare ƙofarsa. Na taɓa aro kyamara mai fim, ta tambaye ni wa zai wanke hoton. Na ce wani mutum a Gusau. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ƙaton banza shi zauna yana kallona? A'a."

Da na ji an kawo ƙananan kyamarori marasa fim, sai na nufi Kaura. Mai shagon ya jera mini uku a kan gilashi. Rago na san inda zan taɓa, in duba haƙori, in matsa ƙugu. Wannan kuwa babu wurin matsawa. Yana ta yabon wadda ta fi siranta, na katse shi.

"In na ɗauka, wa zai gani?"

"Kai kaɗai, Alhaji. Ga shi nan a bayanta."

Na zaɓi mai kauri, mai cin batir irin na kasuwa, don a Dauran ba a dogara da wutar lantarki. Ya miƙo mini wasu batura masu tsada, wai su take so. Na yi dariya.

"Ni za ka yi wa dillanci?"

Na fita na sayi na rediyo.

Da hantsi aka fito da Inna inuwa. Na ɗauki hoton akuyarta, na nuna mata, na goge a gabanta, sannan ta yarda. Na danna sau ɗaya. Ta kawo kyamarar dab da ido.

"Wannan wace tsohuwa ce? Tsaya in gyara kallabi."

Tana gyarawa gilashin kyamarar ya yi baƙi. Na canza batir, ya ƙifta ya mutu. Kafin in gama kokawa da ita Inna ta gaji, aka mayar da ita ɗaki. Ban sani ba ko hoton a cikin batir yake zama, ya mutu tare da shi. Kuma na ga yadda numfashinta yake a kwanakin nan.

Washegari na hau babur zuwa Kaura, ina taɓa aljihu a kowane rami. Mai shagon ya zazzage baturan a tafinsa.

"Haba Alhaji, ka sayi ingarma kana ba shi tsakin kaji!"

Ya sa nasa, zai danna, na riƙe masa hannu. Na karɓa na juya na fuskanci bango, sannan na kunna.

Tana nan. Kallabi a karkace, baki ya soma dariya.

Na sayi baturan ban taya ba. Da na koma ta ce guda ya isa, ba ta sake fitowa inuwar ba. Har yau ban kai shi an wanke ba.