Kumburin Ya Wuce Zanen Biro

An sallami dattijon nan ba tare da likita ya ko kalli ƙafarsa ba. A gabana aka yi, a sashen masu ciwon ƙashi.

Ban san shi ba. Dogo ne siriri, da guntun zare maƙale a hularsa. Ina jin tela ne, irin masu taka keke da ƙafa. An sa masa gwiwar ƙarfe, wurin ya ƙi warkewa. Yana zaune a bakin benci, ƙafar a miƙe, gumi na tsattsafo masa alhali fanka na kaɗawa a kansa.

Ya naɗe wandonsa a hankali. An zagaye kumburin da biro, wai in ya wuce nan ya dawo maza. To, ya wuce. Fatar sai sheƙi take, bandejin ya jiƙe da ruwan da ba jini ba. Ya jera yatsu yana auna abin da ya ƙaru, kamar mai awon yadi.

"Sannu, Baba," na ce.

"Yauwa, 'yata. Sabuwar ce ke min gardama. Tsohuwar da na raina, ko ciwo take ba ta wari." Ya yi dariya, haƙoransa na karo da juna.

Ma'aikaciyar ta leƙo. "Baba, likita ya tashi. Sai sati mai zuwa."

"To," kawai ya ce, yana laluben sandarsa.

Ku da kuka buɗe ƙafar nan kuka ɗinke, me kuke so ya kawo muku sati mai zuwa? Ku kira likitan ya dawo yau, tun ana maganar wanki ba ta yankewa ba.