Bencin Malam Sambo

Duk wanda ya yi aiki da mu a ofishin gona na Azare ya san bencin Malam Sambo, tsohon masinjanmu. Kafinta ya kafa masa ƙafafu kusa da tsakiya, saboda haka in mutum biyu suka zauna a bakinsa, ɗaya ya miƙe, ɗayan sai ƙasa. Sau uku ana kiran kafinta ya gyara, sau uku Malam Sambo yana korarsa. "Lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Mutane ne ba su iya zama ba."

Na zauna a Legas, inda faɗan ofis ke ƙarewa da takardar tuhuma. Na zauna a Sudan, inda ake kashe shi da gahawa. Sulhu da katako kuwa sai Azare. Da ya ji murya ta ɗaga, sai ya jawo masu faɗan gindin dalbejiya, ya zaunar da su a bencin, ɗaya a wannan baki, ɗaya a wancan. "Ku zauna tukuna. Magana ba ta da ƙafa, ba inda za ta."

Kun tuna Mista Okoro mai sito da Ɗanlami mai tafireta, da suka yi wata guda suna jan fanka ɗaya? Ɗanlami ya zabura zai rantse, Okoro ya kife, ƙafafu sama. Ya tashi yana kakkaɓe wando. "Malam, ni ne mai gaskiya, kuma ni ne na faɗi?"

"Haka duniya take, Mista. Koma ka zauna, yanzu kai ma kana iya tashi."

Ɗanlami ya riƙe benci hannu bibbiyu. "Wallahi na bar masa fankar."

Ni ma na hau shi, da Malam Jauro likitan dabbobi. Muka koma zagin juna da Fulatanci don kada tsohon ya ji. Mun manta mutumin Udubo ne, cikin Fulani ya tashi. Ya bari muka gaji, sannan ya ce da Fulatanci tsantsa, "Akwai zagi biyu masu kyau da kuka tsallake. In tuna muku?"

Amma babban aikin bencin shi ne na Hamidu direba. Lokacin salula ta shigo, an kawo mana sabon darakta, ƙato, mai waya biyu. Da damina shi da Hamidu suka nufi taro a Katagum, ruwa ya ci hanya, Hamidu ya ƙi tsallakawa. Darakta ya kira shi matsoraci a gaban mutane, Hamidu ya ce gara matsoraci da gawa. Washegari aka buga takardar kora, ga Hamidu da 'ya'ya tara. Saura sa hannu.

Malam Sambo ya riƙe takardar har azahar, aka ɗauke wuta, ofis ya zama tanda, sannan ya kai wa darakta. "Ranka ya daɗe, akwai iska a gindin bishiya. Ka sa hannu a can."

Darakta bai san bencin ba. Ya zauna, sai ga Hamidu a ɗaya bakin. Darakta ya wanke shi tas, ya ɗauko biro ya ce, "Tashi ka ba ni wuri."

Hamidu, ido jawur, bai motsa ba.

"Ba ka ji ba ne?"

"Na ji, ranka ya daɗe. In na tashi, faɗuwa za ka yi."

Darakta ya leƙa ƙafafun bencin, ya dubi Hamidu. Malam Sambo yana gefe yana fasa goro. "Ranar ruwan ma abin da ya hana shi tsallakawa ke nan," ya ce, kamar da goron yake magana.

Darakta ya ninke takardar ya yi fifita da ita. "To, yaya ake sauka daga wannan abin?"

"Tare, ranka ya daɗe," in ji Malam Sambo.

Ranar da Malam Sambo ya rasu, daraktan ya zo tun daga Bauchi, inda aka mayar da shi. Shi ya kama makara ta gaba, Hamidu ta baya, har maƙabarta babu wanda ya saki. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya zaunar da shi inda babu mai tashi ya bar wani.